Malam Ba-Zafi da Littafin Masu Ba da Jini

Haihuwa da Asali

An haifi mutumin da gari duka ya sani da laƙabin Malam Ba-Zafi a farkon daminar shekarar 1941, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta garin da ya rayu a cikinsa har ya koma ga Mahaliccinsa. Mahaifinsa mai juya layin dogo ne a tasha, mutum marar yawan magana, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana aiki ba a taɓa samun jirgi ya hau layin da ba nasa ba a hannunsa. Mahaifiyarsa kuwa sabulu take dafawa tana sayarwa a ƙofar gida. Dukansu 'yan tudu ne, wato ɗaya daga cikin ƙabilu biyun da suka haɗu suka cika garin, ɗayar kuwa ita ce 'yan gangare. A wancan zamani bambancin bai wuce na tsokana ba. Ɗan tudu ya ce ɗan gangare ko barci yake bakinsa ba ya hutawa, ɗan gangare ya ce ɗan tudu ko dariya zai yi sai ya nemi shawarar dangi, a tuntsure da dariya a watse. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ya gaji tsantsenin mahaifinsa, irin tsantsenin nan da har yakan ba mutane haushi.

Karatu

Ya shiga firamare a shekarar 1948, ya wuce sakandare a 1955, inda malamai suka shaide shi da kyawun rubutu da kuma wata ɗabi'a guda: ba ya iya barin gurbi a takarda bai cike shi ba. Burinsa ya zama likita, amma hali bai yi ba, don haka a 1960 ya shiga makarantar koyon aikin gwajin jini, ya kammala a 1963 da sakamako mafi kyau a ajinsu. A can ya samo laƙabinsa, domin duk wanda zai soka wa allura, yaro ne ko tsoho, sai ya dube shi cikin ido ya ce, “Ba zafi.” Akwai zafi mana, kowa ya san akwai, amma yadda yake faɗa ɗin sai mutum ya ji kunyar yin ƙara. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka, ta yadda a ƙarshen rayuwarsa ko jikokinsa da shi suka san shi.

Aure da 'Ya'ya

A shekarar da ya kammala karatu aka ɗauke shi aiki a ɗakin jini na babban asibitin garin, kuma a shekarar da ta biyo, 1964, ya auri 'yar maƙwabcinsu, mace mai fara'a da saurin baki, wadda unguwa ke kira Mai Ɗinki saboda keken ɗinkinta da ba ya shiru. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Ta farin mace ce, an haife ta a 1965, aka sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa kowa ke kiranta Inna Ƙarama, shi kuwa “Innata” yake cewa. Tana da wata shida ya gwada jininta da hannunsa, ya ga irin jinin nan ne mai wuyar samu, wanda sai a tara mutum ɗari ba a dace da guda ba. Da ya dawo gida fuska a murtuke, Mai Ɗinki ta ce masa, “Malam, yarinya lafiyarta lau, kai ne dai ba ka iya ganin mutum ba ka leƙa cikin jijiyarsa ba.” Ya yi murmushi, amma abin bai bar ransa ba.

Aiki da Kafa Littafin

Ɗakin jinin ɗan ƙarami ne a ƙarshen baranda, da tebur guda, da madubin duba jini, da benci, da wani tsohon firji mai aiki da kananzir wanda yakan mutu duk ranar da ya ga dama. A watan Mayun 1968 firjin ya mutu a ranar hutu, kwalba goma sha huɗu suka lalace, wata mai haihuwa ta rasu washegari saboda babu abin da za a ƙara mata. Daga ranar Malam Ba-Zafi ya yanke hukuncin da ya zama aikin rayuwarsa. Ya ce tunda firji ba shi da amana, to a bar jinin a jikin masu shi, shi dai ya san inda zai same su.

Ya sayi babban littafi mai baƙin bango, ya shiga bin gari unguwa-unguwa a kan kekensa, yana lallashin mutane su yarda a gwada su. Duk wanda ya yarda sai ya rubuta shi: sunansa, sana'arsa, rukunin jininsa, da ƙabilarsa, domin fom ɗin ma'aikatar lafiya yana da wannan gurbin, shi kuwa ba ya barin gurbi. Da yake gidajen garin ba su da lamba, sai ya riƙa siffanta su dalla-dalla. Za ka ga ya rubuta: mai gyaran keke, ɗan gangare, gida na uku bayan famfon unguwa, koren ƙyaure, daga hantsi zuwa la'asar ba ya gida, a neme shi gindin bishiyar gaban kotu, akwai kare, a bi ta ƙofar baya. Har inda mutum yake fakewa idan matarsa ta tayar da rigima, Malam ya sani, kuma ya rubuta.

Cikin shekara goma sha takwas littafin ya tara mutum ɗari shida da goma sha biyu. Idan aka kawo wanda ya yi haɗari ko mai zubar jini, ba ya wuce minti talatin sai ka ga mai irin jininsa zaune a benci yana naɗe hannun riga. Likitoci daga wasu garuruwa sun zo kallon wannan tsari. A cikin waɗannan ɗaruruwa, mutum bakwai kawai ya rubuta da jan biro, su ne masu jini irin na Inna Ƙarama.

A 1983 aka aurar da ita ga wani ma'aikacin gidan waya. A haihuwarta ta fari, cikin 1984, jaririn bai zo da rai ba, ita kuma jini ya ɓalle mata. Malam ya kira 'yan jan biro ɗaya bayan ɗaya, amma duk wanda ya haɗa jininsa da nata a kan gilashi sai ya dunƙule, har aka zo kan na bakwai, wani kafinta ɗan gangare, ƙato mai barkwanci, shi kaɗai nasa ya zauna lafiya da nata. Ya ba da kwalba biyu, ya miƙe yana layi yana cewa, “To Malam, yau dai na zama ubanta na biyu, a riƙa aiko min da gaisuwa.” A shafinsa Malam ya ƙara layi: in ba ya shago, yana rumbun katako bayan injin niƙa, a ƙwanƙwasa sau uku.

Ɓarkewar Yaƙi

A watan Maris na 1986 rikicin da aka daɗe ana jin ƙishin-ƙishinsa a rediyo ya iso garin. Cikin kwana tara mayaƙan 'yan tudu suka kama tasha da kasuwa da gada, suka kafa shinge a kowace mararraba, inda ake tsayar da mutum a sa shi ya yi magana don a ji harshensa. Maƙwabcin da kuka shekara ashirin kuna aron tsani sai ga shi da adda yana nuna gidaje. 'Yan gangare da suka samu hanya suka gudu, waɗanda ba su samu ba suka shige rufin ɗakuna da ramuka da kangwaye.

Asibitin da ke da likita goma sha ɗaya ya koma da guda, wani dattijo da ya ce shi ya tsufa da gudu. Aka yanke ruwan famfo, amai da gudawa suka shigo, ƙyanda ta bi yara, majinyata suka cika baranda har ƙarƙashin matakala. Maganin kashe zafi ya ƙare tun a makon farko, ta yadda idan za a yanke ƙafa sai an samu maza huɗu su danne mutum, ihun kuma har ɗakin jini ake jinsa. Bandeji sai a wanke a shanya a sake naɗawa wani. Nas-nas suka cire katunan da ke rataye a ƙafar gadaje suka ɓoye, domin sau biyu mayaƙa suna shigowa su karanta kati su ja majinyaci da ledar ƙarin ruwa a hannunsa. Wallahi abin da aka gani a asibitin nan, ko maƙiyi ba a yi masa fatansa.

Kuskuren Ranar Alhamis

Ranar Alhamis, 3 ga Afrilu, da hantsi, motar mayaƙa ta shigo a guje da wani saurayi da harsashi ya fasa wa ciki. Ƙanin kwamandansu ne. Shi wannan kwamanda, kafin yaƙi kwandastan mota ne a tasha, yana ma cikin littafin, kuma Malam bai manta ranar da ya sume a kan benci don ganin allura ba. Yanzu ga shi da bindiga da baƙin tabarau, mutane na durƙusa masa. Likita ya leƙo ya ce ana buƙatar kwalba huɗu nan da awa guda.

A nan ne Malam Ba-Zafi ya yi abin da ya shekara goma sha takwas yana yi ba tare da tunani ba. Ya jawo littafin, ya bi gurbin rukunin jini da yatsa, ya karanto wa direban mayaƙan mutum huɗu mafi kusa, da launin ƙyaurensu, da ƙofar bayansu, da inda ake samunsu in ba sa gida. Idonsa bai ko sauka a gurbin ƙabila ba, domin shi a wurinsa wannan gurbi cikewa kawai ake yi. Uku daga cikin huɗun 'yan gangare ne. Aka kawo su, ya ce musu ba zafi, ya ɗebi jininsu, saurayin ya rayu, mayaƙan kuma suka ce za su mayar da su gida da kansu.

Washegari da safe wata nas da ke zaune a wannan unguwa ta shigo ɗakin jini, ta jingina da bango, ta ce, “Malam, gidajen nan uku babu su. Har yara.” Bai gama fahimtar maganar ba sai ga kwamandan a bakin ƙofa yana murmushi.

“Malam, littafin nan naka ya fi mana 'yan leƙen asiri goma. Mun yi kwana uku muna neman mai gyaran keken nan, ashe ta ƙofar baya ake bi. Gobe zan aiko a karɓo mana aronsa.”

Tsoro ya kama shi. Ya kulle ƙofa ya zauna da littafin tun daga wannan safiya har rana ta yi sanyi, yana bin shafi-shafi yana maimaitawa, ko da yake yawancinsu ya riga ya haddace su saboda yawan buɗawa. Sannan ya kai shi wurin ƙona shara a bayan ɗakin haihuwa, ya riƙa yage shafukan yana jefawa a wuta, har bangon. Aikin shekara goma sha takwas bai ɗauki minti ashirin ba.

Da kwamandan ya ji, ya zo da kansa ya buge shi da gindin bindiga, haƙora biyu suka fita. Bai kashe shi ba, domin babu wani a garin da ya iya haɗa jini, mayaƙansa kuma kullum ana kawo su jina-jina. Ya dai sunkuyo ya ce masa, “Ka ƙone na takarda, saura na cikin kanka. Shi ma za mu karanta shi a hankali.” Daga ranar aka ajiye mutum biyu a ƙofar asibiti, kuma duk ma'aikacin da ya fita daga ɗakin jini, ko shara ya je zubarwa, akwai mai bin sa a baya.

Watannin Shiru

Wata goma Malam bai kira kowa ba. Ya kwaso iyalinsa suka tare a wani ɗakin ajiya na asibitin, ya jingine kekensa har tayoyin suka sace. Idan aka kawo mai buƙatar jini, sai ya gwada danginsa da ma'aikata da duk wanda ya tarar a baranda, alhali yawancinsu yunwa ta riga ta tsotse su. In ba a dace ba, shi ke nan. Sau da yawa yana tsaye a kan majinyaci yana kallonsa yana tafiya, a cikin kansa kuma ga sunan wanda zai cece shi, ga gidan, tafiyar minti goma. Yaran da tamowa ta kumbura, gashinsu ya yi ja, idonsu ya yi fari fat, su ne suka fi tsaya masa a rai. Ya daina yarda ya yi gyangyaɗi a inda mutane suke, don tsoron kada bakinsa ya faɗi wani abu cikin barci.

A watan Nuwamba wata mata ta kawo ɗanta gwaji. Yana ɗaure wa yaron hannu ta yi ƙasa da murya, ba ta dube shi ba, ta ce, “Kafinta yana gaishe ka. Muna inda ka sani, mu goma sha tara. Ya ji 'yarsa na da ciki, ya ce in lokaci ya yi kada ka ji nauyi, ka aiko.” Sai da Malam ya soki yaron sau biyu kafin ya samu jijiya. A lokacin sauran 'yan jan biro shida, an kashe biyu, huɗu sun tsallake iyaka, kuma ko suna nan ma jininsu bai dace da nata ba.

Ranar Litinin, 9 ga Fabrairu, 1987

Inna Ƙarama ta haihu da hantsi, 'ya mace, lafiyayya. Mijinta yana wani gari, hanya ta rufe da shi tun cikin yana ɗan wata biyu. Ba a gama murna ba ungozoma ta fito da gudu, jini ya ɓalle kamar wancan karon. Likita ya yi duk abin da hannu zai iya yi, jinin ya ragu amma wanda ya zuba ya yi yawa, ya ce in ba a samu kwalba biyu kafin la'asar ba, to sai dai haƙuri.

Malam ya gwada nasa, ya gwada na mahaifiyarta, na ƙannenta, na nas goma sha ɗaya, na masu shara, har na mayaƙan da ke gadin ƙofa. Kowanne ya ɗiga a kan gilashi sai ya dunƙule. Cikin ruɗewa likita ya ce a jarraba mafi kusa, aka sa mata, ba a yi minti biyar ba jikinta ya kama karkarwa, numfashi ya sarƙe, dole aka cire.

Maganar ba ta ɓuya ba, domin tsofaffin ma'aikata duk sun san wanda ya cece ta a haihuwar fari. Azahar ba ta yi ba sai ga kwamandan a baranda, ya tura tabaransa sama, yana magana a hankali kamar mai jaje.

“Malam, ga mota, ga mai a ciki. Ka faɗi wuri kawai, minti goma mu kawo maka shi, ka ɗebi abin da kake so. Kai ka ceci ƙanina, ni ma bari in yi maka rana.”

“In na gama ɗiba fa?”

“Sai mu mayar da shi gida,” in ji kwamandan.

Mai Ɗinki tana tsaye ta ji komai. Ta ja mijinta cikin ɗakin jini, ta rufe ƙofa, ta cakumi wuyan rigarsa, matar da ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba.

“Malam, ka faɗa musu. Don girman Allah ka faɗa. Wataƙila su ƙyale shi.”

“Ba za su ƙyale shi ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, su goma sha tara ne, da yara.”

“Ni ban san su ba! Ni tawa na sani, wadda na ɗauka wata tara. Kai da ka ba ƙanin wancan azzalumin mutum uku, 'yarka ce ba za ka ba guda ba?”

Wannan magana ta shige shi fiye da gindin bindiga, domin gaskiya ce. Ya buɗe baki, kuma shi da kansa ya shaida daga baya cewa kalmar “rumbu” ta zo har kan harshensa. Sai ya ga fuskar nas ɗin nan jingine da bango tana cewa har yara. Ya cije leɓe har ya fashe, ya zare hannun matarsa daga rigarsa, ya fita ya wuce kwamandan bai dube shi ba.

Ya shiga wurin 'yarsa da ledar ƙarin ruwa, abin da ya rage ke nan. Ta yi fari, leɓunanta sun bushe, amma tana cikin hankalinta. Da ya soka allurar sai ta ce da 'yar muryarta, “Baba, yau ba ka ce ba zafi ba.” Can ta sake cewa, “An tafi kiran Kafinta?”

Mutumin da bai taɓa rubuta ƙarya a takardar gwaji ba ya riƙe hannunta ya ce, “An tafi, Innata.”

Ta riƙa juya ido wajen ƙofa duk sanda aka taɓa ta. Motar kwamandan tana tsaye a tsakar asibiti, injinta a kunne, ana jin ƙararsa daga ɗakin, har la'asar ta yi. Inna Ƙarama ta rasu da ƙarfe huɗu da kwata, tana da shekara ashirin da biyu ba kaɗan. Aka binne ta a filin bayan ɗakin wanki tare da wasu mutum shida, saboda hanyar maƙabarta ba ta biyuwa.

Bayan Yaƙi

Mai Ɗinki ta ɗauki jaririyar ta raine ta da madarar da nas-nas ke tsakuro mata. Ta yi wata huɗu ba ta yi wa mijinta magana ba sai ta bakin yara. Daga baya magana ta dawo, zama ya ci gaba, amma ba ta ƙara tsokanarsa ba, shi kuma ba a ƙara jin ya ce wa kowa ba zafi ba.

An tsagaita wuta a watan Yunin 1988. Kwamandan bai ga ranar ba, nasa mutanen suka harbe shi kan rabon ganima. Daga rumbun katakon nan mutum goma sha bakwai suka fito, tsofaffi biyu sun rasu a ciki, sauran sun rame har ba a gane su. Mako guda bayan haka Kafinta ya zo ɗakin jini yana dogara sanda, ya riga ya ji labari a gari. Ya zauna a bencin da ya saba zama, sannan ya fashe da kuka.

“Malam, ai na aiko maka. Don me ba ka kira ni ba? Wallahi da ka aiko, da na zo, ko za su yanka ni a ƙofa.”

“Na san za ka zo,” in ji Malam. “Shi ya sa ban aika ba.”

Tun daga wannan shekara Kafinta ya riƙa zuwa duk wata uku yana ba da jini, ko ana buƙata ko ba a buƙata, har likita ya hana shi saboda tsufa. Hukumar asibiti ta roƙi Malam sau uku ya sake kafa littafin, ya ƙi. Ya ce a sayi firji mai kyau. Ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya a 1996, kuma fom ɗin da duk ya bi ta hannunsa a waɗannan shekaru, za ka tarar da gurbin ƙabila babu komai a ciki.

Tsufa da Rasuwa

Daga shekarar 2005 mantuwa ta fara kama shi. Ya manta sunayen 'ya'yansa, ya manta hanyar masallacin unguwa, amma littafin bai goge ba. Yana zaune a tsakar gida sai a ji ya fara, gida na uku bayan famfo, koren ƙyaure, sai kuma ya zabura ya toshe bakinsa da hannu biyu yana waige-waige, idonsa cike da tsoro. Jikoki tun suna dariya har suka daina. Duk wannan rikicewa, shafi guda ne ba a taɓa jin ya faɗa ba.

Ranar Talata, 17 ga Nuwamba, 2009, bayan jinyar mako biyu a gida, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, jikarsa 'yar Inna Ƙarama, mai kama da mahaifiyarta sak, ta shigo da ruwa. Ya ƙura mata ido, ya yunƙura zai tashi, ya damƙi hannun Mai Ɗinki da ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba, ya ce da murya sarai, “Rumbun katako, bayan injin niƙa. A ƙwanƙwasa sau uku. Ku yi sauri, la'asar ta kusa.”

Tsohuwar ta dube shi, hawaye na bin fuskarta, ta gyara masa matashi ta ce, “An tafi, Malam. Kwanta, an tafi.”

Ya koma ya kwanta yana kallon ƙofa, kuma bai ƙara magana ba. Ya rasu kafin faɗuwar rana yana da shekara sittin da takwas. Washegari da safe aka yi masa sutura aka kai shi maƙabartar bayan gari, inda 'yan tudu da 'yan gangare suka yi sahu ɗaya, Kafinta kuma, da 'ya'yansa biyu riƙe da shi, ya ƙi barin bakin kabarin har aka gama.

Ya rasu ya bar matarsa Mai Ɗinki da 'ya'ya huɗu: babban, direban motar asibiti, mai bi masa, malamar firamare, na uku, mai gyaran rediyo, da autansu, wanda ke aiki a tashar jirgin da kakansa ya yi aiki. Ya bar jikoki goma sha shida, babbarsu ita ce wadda aka haifa ranar 9 ga Fabrairu, 1987. 'Yarsa ta fari, Inna Ƙarama, ta riga shi da shekara ashirin da biyu da wata tara. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su inda babu mai jiran a kira masa kowa.